Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, da yawa daga cikinmu ba ma hango allo sai da tabarau, kuma zancen da ke yawo shi ne a tara albashi a je a yi aikin leza a huta. Ba mu ce aikin banza ba ne. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wanda ake kira LASIK, kuma akasarin waɗanda aka yi wa sukan koma bakin aiki bayan kwana ɗaya ko biyu suna gani garau. Abin da muka ƙi shi ne yadda ake tallarsa sai ka ce aski.

Ga yadda ake yi. Likita zai yanki siririyar fata daga tantanin nan garai-garai na gaban ido, ya ɗaga ta, leza ta kankare abin da ke ƙarƙashi, sannan a mayar da ita. Abin da aka kankare ya tafi ke nan har abada. Yankan yakan taɓa jijiyoyin da ke sa ido ya kawo hawaye, shi ya sa bushewar ido take bin mutane da yawa na tsawon watanni, wasu ma shekaru. To, mu da muke shan ƙurar hunturu kowace shekara, wa ya fi mu cancantar yin wannan tambaya kafin ya kwanta a gaban na'ura? Akwai kuma masu ganin zobe kewaye da fitilun mota da dare. Wanda tantaninsa bai da kauri kuwa, yana iya kumburowa daga baya, gani ya lalace fiye da dā. Leza irin wannan ba ta maganin yanar ido ko gulakoma, kuma in shekaru sun haura arba'in tabarau na karatu zai dawo. Wanda bai kai 18 ba, ko lambar tabaransa ba ta tsaya ba, bai dace da aikin ba sam.

Batun minshari ya fi ba mu mamaki. A 1990 wani likitan Faransa, Yves-Victor Kamami, ya bayyana hanyar rage beli da gefen ganɗa da leza. Mu 'yan boko da muke zargin wanzami don ya cire wa jariri beli, sai ga mu muna sha'awar a ƙone namu, don kawai na'urar daga Turai take! Maƙogwaro yakan yi ciwo wajen mako biyu, haɗiyar abinci ta zama aiki, minsharin yakan dawo, tabon ma yana iya ƙuntata maƙoshi.

Mafi muni, wani minsharin alama ce ta ɗaukewar numfashi cikin barci, wadda ke da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. In aka kashe ƙarar, abokin ɗaki ya sami barci, amma cutar tana nan. A 2010 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ba ta ba da shawarar a riƙa yi wa masu wannan cuta aikin ba. Duk likitan da ya nufi maƙogwaronmu da leza bai fara aika mu gwajin barci ba, mu ɗauki hularmu mu fita.