Raddi Ga Masu Cewa "A Cire Komai A Huta"

Sankarar cikin mahaifa, wadda ta sha bamban da ta bakin mahaifa, ta fi kama matan da suka daina al'ada. Maganinta na asali tiyata ce: a cire mahaifa da bututunta da gidajen ƙwai biyu. Saɓanin yana kan ko a bar wa macen da ba ta kai shekara 45 ba gidajen ƙwanta. Masu cewa a cire komai hujja uku suke kafawa.

Ta farko, wai gidan ƙwai ne ke fitar da sinadarin istirojin mai ciyar da wannan sankara. Haka ne, amma in cutar ba ta ƙetare mahaifa ba, aka kuma cire mahaifar, sinadarin ya rasa abin ciyarwa. Binciken Jason Wright da abokan aikinsa a Amurka, na 2009, ya bi mata 3,269 masu ƙarancin shekaru da cutar ke matakin farko. An bar wa 402 gidajen ƙwansu, mutuwa kuwa ba ta ƙaru a cikinsu ba.

Ta biyu, cutar kan ɓuya a gidan ƙwai. Wannan ce mai nauyi, sai dai tantancewa take wajabtawa. Ƙa'idojin likitocin sankara na Turai na 2021 sun gindaya sharuɗɗan barin gidajen ƙwai: sankarar ta zama mara zafi, ba ta ci rabin kaurin naman mahaifa ba, ba a ga alamarta a waje ba, kuma babu gadon sankarar gidan ƙwai a dangi. Bututun kam cirewa ake yi.

Ta uku ta fi rauni, wai tunda haihuwa ta ƙare gidan ƙwai ya gama aiki. 'Yar shekara 35 da aka raba da shi takan wayi gari da jikin tsohuwa: zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa zani da tsakar dare, gaba ta bushe, daga baya ƙashi ya yi rauni, haɗarin ciwon zuciya ya ƙaru. Maganin maye gurbin sinadarin kuwa kuɗi ne duk wata, ba kowane gida ke iya jure shi ba.

Duk matar da aka kawo Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a makare, cutar ta bazu, ba ta cikin wannan magana. Wadda ta zo da wuri ta cika sharuɗɗan, cire mata gidajen ƙwai ba tare da shawara da ita ba kuskure ne.