Kumburin Kafaɗar Sa Ba Abokin Gaba Ba Ne

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga cikin 1974, shanun noma a wajajen Kura da Bunkure ba su san hutun rani ba. Da an kwashe shinkafar damina sai huɗar alkama da tumatir, sa'an nan ga jan amalanke. Ba abin mamaki ba ne sa ya wayi gari yana ɗingishi, kafaɗa ta kumbura ta yi zafi, don tsoka ta yage a ƙarƙashin karkiya.

Manomi mai gaggawa ya kan sayo allurar dexamethasone ya danna masa. Kumburi ya sace, washegari a mai da sa bakin garma. To, wannan kuskure ne, kuma ga dalili.

Kumburin nan aikin garkuwar jiki ne. Cikin 'yan sa'o'i bayan rauni, fararen ƙwayoyin jini su kan yi cincirindo a wurin. Bayansu sai waɗansu manya, waɗanda likitoci ke kira makrofaj, watau masu haɗiya, su cinye mataccen nama kamar yadda a ke sharar gona kafin shuka. Abin mamaki, bayan 'yan kwanaki sai su sake hali, su bar rushewa su koma taimakon gini. A jikin kowane zaren tsoka akwai waɗansu ƙwayoyi da ke kwance kamar iri a rumbu, wani masani Alexander Mauro ya gano su a Amurka cikin 1961. Masu haɗiyan nan na daga cikin masu tashe su, su hayayyafa, su haɗu su zama sabuwar tsoka. In an danne masu shara da allura, gini ya kan yi jinkiri. In kuma an sake yaga wurin da aiki tun yana ɗanye, sai ya cike da tabo mai tauri, tabo kuwa ba ya jan garma.

Gaskiya ne mai sa biyu kacal ba ya son jin zancen hutu ana tsakiyar rabon ruwa. Amma kuɗin hayar wani sa na mako biyu ko uku bai kai rabin asarar sa da ya gurgunce ba. A kwance masa karkiya, a ba shi harawa da dusa da ruwa isasshe, a bar shi ya riƙa takawa a hankali. Lalas da sakiya kuwa rauni ne a kan rauni.

Sai dai akwai kumburin da ba a jira. In sa ya daina kiwo, jiki ya yi zafi, aka danna tsokar ta yi ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye, mai yiwuwa harbin daji ne, yana kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. A nemi malamin dabbobi nan take, a kuma yi wa sauran garke allurar rigakafi.