Tiyatar kafaɗa: Aikin likita ya ƙare a Kano, jinyar yatsu na jira a Hadejia

A yankin Hadejia, hannu shi ne jari. Da shi ake dashen shinkafa a fadama, da shi ake jan koma a kogi, da shi ake saran kacalar da ta toshe magudanan ruwa daga Hadejia har Nguru. Irin wannan aiki, idan ya ɗauki shekaru, yakan cinye jijiyoyin da ke riƙe da kafaɗa har su yage.

A yau ana ɗinke irin wannan yagewa ba tare da an tsaga kafaɗa ba: likita zai huda ƙananan ramuka, ya zura kyamara da kayan aiki. Sai dai ƙwarewar ta taru ne a manyan cibiyoyi irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Bahadeje zai yi tafiyar sa'o'i a mota, a yi masa aiki, ya dawo gida da hannu a rataye.

A nan ne sabuwar matsala kan fara. Hannun kan zauna a rataye mako 4 zuwa 6. Rashin motsi na sa yatsu su kumbura su sanƙare. Naɗe gwiwar hannu tsawon lokaci na iya danne jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa, kumburi a wuyan hannu kuma ya kashe babban yatsa da manuniya. Wasu kan gamu da raɗaɗi kamar ƙunar wuta, fata ta canza launi, ko taɓawa ba sa jurewa. Masu ciwon suga sun fi fuskantar sanƙarewa.

Mutuwar hannun da allurar kashe zafi ke jawowa takan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda ta zarce haka tana buƙatar idon likita da wuri. Mafi yawan rigakafin kuma ba tsada gare shi ba: dunƙule hannu da buɗe shi sau da yawa a rana, motsa wuyan hannu, da bibiyar masu gashin ƙashi na tsawon watanni.

Wannan bibiyar ce ke gagarar talaka. Idan kuɗin mota ya ƙare, ko ambaliya irin ta 2022 ta datse hanya, sai a koma wurin masu ɗori, inda ja da murza ke iya warware ɗinkin.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shigar kowane ɗan Najeriya cikin tsarin. Tambayar da ya kamata matasa su yi wa gwamnatin Umar Namadi da hukumar JICHMA ita ce: ma'aikatan gashin ƙashi nawa ke Babban Asibitin Hadejia, kuma wa ke biyan kuɗin zaman da majiyyaci ke yi da su? Kafaɗar da ta warke alhali yatsu ba sa riƙe lauje, ba ta mayar da manomi gona ba.