Kyautar Bindiga Ba Sadaka Ba Ce

'Yan uwana mata, don Allah in maƙwabci ya share ɗakinsa ya kwaso tsofaffin wuƙaƙe ya raba wa 'ya'yanki, godiya za ki yi?

To haka Amurka ta yi. Bindigogin M1 da suka yi mata kwantai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta jibga wa sojojin Kudancin Biyetnam wai taimako. A 1975 gwamnatin ta faɗi, makaman suka koma hannun abokan gaba. A 2021 aka maimaita a Afganistan, Taliban suka gaji M16.

Bindiga fa ba ta san ubangidanta ba. Mai kyauta yana gida lafiya lau, takaba da rainon marayu kuwa sai mata. In taimako ne tsakani da Allah, a kawo magani da hatsi.

Allah ya kyauta.