Motar Kara da Wayar Salula

Duk kaka, daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, kara kan cika gonaki. Da shi yaran yankin suka saba ƙera mota: a ɓare shi, a yanka totuwa, a yi tayoyi, a gyara inda ta karkace. Ba wanda ke ba yaro zane, a kansa yake fara ganin motar. Haka ma tatsuniya: kowane yaro da irin Gizon da yake hangowa a zuciyarsa.

Yau wayar salula ta shiga yawancin gidajenmu, kuma ba mai cewa a kore ta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗalibin Kiru ko Bebeji da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an tauye shi.

Sai dai mu dubi abin da yaro ke yi da wayar. Galibi kallo ne, bidiyo bayan bidiyo, an gama masa hoto da murya da ƙarshen labari, ba a bar masa gurbin da zai cike ba. Yaron da ya saba a ƙago masa komai zai sha wuya ranar da malami ya ce ya rubuta insha'i. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin.

Shawarata ga iyaye da malaman firamare ita ce aikin hannu ya riga waya. Yaro ya ƙera motarsa tukuna, sannan ya ɗauki hotonta ya bayyana yadda ya yi. Yarinya ta naɗi muryar kakarta tana tatsuniya, ta rubuta ta, ta sauya mata ƙarshe. A kai 'yan aji madatsar ruwa ta Tiga su zana abin da suka gani kafin a nuna musu taswira. A karanta musu *Magana Jari Ce* ta Abubakar Imam, a tsaya a tsakiyar labari a tambaye su me zai biyo baya.

Waya ɗaya ta malami ta ishi aji guda wannan aikin. Abin da ake nema wurin manya shi ne lokaci, da haƙurin sauraron abin da yaro ya ƙago.