Wayar da Za Mu Aika Kalakla

A wannan fitowa za mu tattauna kan wata kyauta da ta zama ruwan dare a gidajenmu, wato wayar salula da ake saya ko ake cirewa daga aljihu a aika wa dangi na nesa. Mun zaɓi mu ɗauki misali daga Kalakla, babbar unguwar nan ta kudancin birnin Khartum da ke gaɓar Farin Nilu, a kan hanyar Jabal Auliya, domin abin da mutanenta suka gani a shekarun yaƙi ya fito da ƙarfin waya da rauninta a fili.

Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce ga Bahaushe. Tun zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, alhazai daga Kano da Katsina da Damagaram suke yada zango a can, wasu kuma suka zauna har suka yi jikoki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Saboda haka gidaje da dama a cikinmu suna da wani nasu a Khartum ko Umdurman, kuma wayar nan ita ce igiyar zumuncin da ta rage a tsakani.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, bankunan Khartum suka rufe, tsabar kuɗi ta yi wuyar samu. Sai jama'a suka dogara ga Bankak, manhajar Bankin Khartum, wadda da ita ake karɓar taimakon dangi, da ita ake sayen gari da gawayi. Ɗakunan girkin unguwa da ake kira takaya, waɗanda matasa masu aikin sa kai suka riƙe, su ma ta nan gudummawa take iso musu. A farkon Fabrairun 2024 layukan manyan kamfanoni uku, Zain da MTN da Sudani, suka ɗauke. An dawo da rezo a gabashin ƙasar daga baya, amma unguwannin Khartum da ke hannun RSF, har da Kalakla, sun daɗe suna dogara ga na'urorin Starlink da aka shigo da su ta bayan fage, inda mutum yake biya a ba shi sa'a guda. Sojoji sun karɓe birnin a Maris 2025.

Abin da muka koya daga wannan shi ne, darajar waya tana ga aikin da za ta iya yi a inda aka aika ta. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu bincika kafin mu damƙa ta ga matafiyi.

Na farko shi ne kulle. A Nijar da Najeriya da Sudan mun saba da sayen waya daban, layi daban, mu sa kati gwargwadon ƙarfinmu. A Amurka da wasu ƙasashen Turai kuwa, kamfanin sadarwa yakan ba mutum waya da rangwame bisa yarjejeniyar zai zauna a layinsa shekara biyu ko uku yana biya wata-wata. Irin wannan waya sau da yawa a kulle take, ba ta karɓar layin wani kamfani sai an cika sharuɗɗa an buɗe ta. Idan kuma mai ita ya daina biya, ko aka ba da rahoton an sace ta, ana iya sa lambarta ta IMEI cikin jerin waɗanda aka hana aiki. Haka nan tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sa layi sam, sai layin da ake saukewa ta intanet. Tsohuwar da take riƙe da ɗan katin layinta a ƙullin zane ba ta da inda za ta sa shi. Wayoyin bashi da suka yaɗu a kasuwanninmu ma haka suke, domin suna rufe kansu idan ranar biya ta wuce. Wanda ya ɗauki alkawarin biya, ya cika shi tukuna, kada ya aika wa ɗan'uwansa bashi da sunan kyauta. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a sa layin wani kamfani daban a gaban mai sayarwa, a kira, a ji ta shiga.

Na biyu shi ne shekarun wayar. Manhajoji suna daina aiki a kan tsofaffin wayoyi. A Oktoban 2023 WhatsApp ya bar duk wayar da tsarinta na Android bai kai na 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6. Manhajojin banki su ma sukan nemi a sabunta su, tsohuwar waya kuma ta kasa ɗauka. Wayar da ta yi shekara goma a akwati tana iya kunnuwa da kyau, amma ba za ta kawo wa kowa kuɗin cefane ba.

Na uku, wanda ya fi damun mu, shi ne wurin ajiya. Waya tana da ma'adana iri biyu. Akwai RAM, wadda take kamar faifan da uwargida take aiki a kai, akwai kuma babbar ma'adana, wadda take kamar rumbu. Idan faifai ƙarami ne, aiki yana tafiya a hankali. Idan rumbu ya cika, ba abin da zai ƙara shiga. Wayar da aka rubuta mata giga 16 ko 32, tsarinta da manhajojin da aka zuba mata tun daga masana'anta sun riga sun cinye wani babban kaso, saura kaɗan ne na mai ita. Ga wanda yake da hali, giga 64 da RAM giga 3 ko 4, tare da ramin ƙarin memori, shi ne abin da zai ba da kwanciyar hankali na wasu shekaru.

A nan ne haɗarin yake. Idan waya ta cika, abin da mutane suka saba yi shi ne su goge manhaja su sake saukewa. Amma WhatsApp da manhajojin banki, idan za a sake shiga, sukan turo lambar sirri ta gajeren saƙo zuwa layin mutum. A wurin da rezo ya ɗauke, ko da an sami intanet ta Starlink, wannan saƙo ba zai iso ba. Ke nan gogewar minti ɗaya tana iya raba iyali da kuɗinsu da muryar ƴaƴansu na tsawon watanni. Saboda haka mu gaya wa namu: a goge hotuna da bidiyo, kada a taɓa manhajar banki, kada kuma a yar da tsohon layi ko a bar shi ya mutu, domin shi ne mabuɗin asusu.

Sai mu tambayi kanmu, su wa suke cika rumbun nan? Mu ne. Kowace safiya zaurukan iyali suna cika da hotunan furanni na barka da asuba, da bidiyon biki, da dogon wa'azin da mutum biyar suka turo a rana ɗaya. Niyya mai kyau ce, amma bidiyon minti ɗaya yana cin wurin saƙon murya gomomi, yana kuma cinye sa'ar da aka saya da kuɗin abinci. A Yulin 2025 hukumar sadarwar Sudan ta ba da sanarwar toshe kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp, abin da ya ƙara wa rubutu da saƙon murya muhimmanci. Gaisuwa ta layi biyu da muryar uwa ta rabin minti sun fi amfani ga wanda yake cikin ƙunci. Mu kuma koya wa tsofaffinmu kashe saukar hotuna da bidiyo ta kai tsaye, yana nan cikin saitin manhajar.

Na huɗu shi ne batir. A 2025 jirage marasa matuƙa sun sha kai hari kan tashoshin lantarkin Sudan, har da ta madatsar Marawi, birane suka kwana cikin duhu. Batir yana raguwa da shekaru, zafin Khartum kuma yana gaggauta lalacewarsa. Sabuwar waya mai sauƙin kuɗi, mai layi biyu da batir mai ƙarfin 5,000, irin su Tecno da itel da ƙananan Samsung waɗanda masu gyara suka sani kuma ake samun kayansu, ta fi tsohuwar waya mai babban suna wadda ba ta kai azahar. Idan aka haɗa da ƙaramin faifan caji na hasken rana, an cika alheri. Ƙaramar waya mai maɓallai a gefe ita ma tana da rana, domin takan yi kwanaki ba a yi mata caji ba.

Wannan darasi bai tsaya a Kalakla ba. Iyayenmu na ƙauyukan Maradi da Tawa, da ɗalibanmu da ke karatu a waje, duk suna fama da cikar waya da ɗaukewar wuta da layin da ya mutu. Kafin mu aika, mu tambayi mai karɓa layin da yake kamawa a unguwarsu da abin da yake son yi da wayar. Mu kwafe masa lambobin dangi a takarda, mu ɗauki hoton takardun shaidarsa mu ajiye kwafi a wurinmu, domin waya tana ɓata, ana kuma ƙwace ta a hanya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Inda ƙafa ta kasa zuwa, sai mu tabbatar abin da muka aika a madadinta zai yi aiki.

Allah Ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya, Ya sada kowa da nasa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.