Fim ɗin da aka yi mana, amma ba mu gani ba

A fadarmu ta Illela, ana cikin shan shayi, na tambayi samari wa ya san Moustapha Alassane. Shiru. Amma da na ambaci jaruman Indiya da na Kano, kowa ya kawo tarihinsu har da sunan matansu.

Wannan bawan Allah fa a nan Tawa ya zauna shekara da shekaru, har ɗakunan otel ɗinsa ya mai da wurin haɗa fim. Ya rasu a 2015. Ni kaina sai bayan na gama jami'a na kalli fim ɗinsa na 1972, F.V.V.A., wato mata, motoci, gidaje da kuɗi, a salula, hoton duk ya dushe.

Labarin Ali ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati. Iyaye suka aura masa mata, dangi suka ɗora masa kaya, shi ma ga son a ce da shi wane. Albashi bai kai ba, sai ya sa hannu cikin kuɗin hukuma, aka ɗaure shi. Masu cin arzikinsa suka watse.

Abin da ya burge ni, fim ɗin bai ɗora laifin a kan Ali shi kaɗai ba. Ya nuna mu. Mu ne muke zagin ɓarawon gwamnati da safe, da yamma mu je ƙofar gidansa neman na cefane. Ma'aikacin da ya riƙe amana ya tsufa a gidan haya kuwa, cewa muke Allah ya ba shi dama ya yi wasa da ita. Fiye da shekara 50 ke nan, me ya canza?

A 1972 ɗin nan ne Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame. Shi ne ya fara cin ta. Yara nawa ne a lakwal suka taɓa jin haka?

In ana iya fassara fim ɗin Indiya zuwa Hausa, me zai hana a fassara namu? Kiranmu ga Télé Sahel da ma'aikatar al'adu: a fiddo su, a sa masu Hausa, a nuna. Mu kuma daga Illela, Malbaza har Ƙonni, kada mu tsaya jira. Farin bango, majigi da janareto sun isa. In an gama kallo a zauna a yi gardama, kowa ya faɗi wane ne shi a cikin labarin Ali.